Kyarkecin Bashari Landan

A cikin Hausawan Riyad, duk wanda ya taɓa sa hannu a faranti ɗaya da Bashari ya san ya je Ingila. Ba sai an tambaye shi ba. Aikinsa gyaran na'urorin asibiti ne, kuma asibitin ne ya taɓa tura shi wani ɗan kwas a can. Ya dawo da baƙar lema, da doguwar rigar ruwa, da sunan Bashari Landan. Abin da bai cika faɗa ba shi ne Landan ɗin ta tagar jirgi ya gan ta. Sauran zaman a ɗakin haya ya yi shi a wani gari mai yawan yayyafi, naɗe cikin bargo, yana kallon wata tasha da ba ta nuna komai sai tsofaffin finafinan ban tsoro masu araha.

Shekarar da aka buɗe gidajen silima a Saudiyya, wata Juma'a ana cin kabsa, dafa-dukar shinkafar Larabawa, a gidan Alhaji Dabo, dattijon da ke shugabantar ƙungiyar Hausawan garin, sai Bashari ya ajiye ƙashin kaza ya gyara zama.

"Ku kuna nan kuna cin shinkafa, duniya tana tafiya ta bar ku," in ji shi. "An buɗe silima. Fim ɗin Bahaushe na farko da za a haska a ƙasar nan, ni zan yi shi."

"Na soyayya?" in ji Dokta Shakir, likitan haƙori, yana tsame zabibi daga shinkafarsa.

"Na kyarkeci. Irin na Turawan Ingila. Ana tara baƙi a wani tsohon gida a daji. Hazo ya rufe ko'ina, mota ta lalace, waya ta yanke. Da wata ya cika sai a tsinci gawa. Ɗaya daga cikin baƙin nan shi ke rikiɗa ya zama kyarkeci, amma ba wanda ya san ko wane ne, har mai kallo. Sai a ƙarshe mai bincike ya tara su ya nuna shi da yatsa."

Issoufou, wani ƙaton Bamaraɗe mai dillancin kayan miya a kasuwar Aziziya, ya ce, "To ai wannan kura ce. A garinmu akwai wani mahauci da ake cewa yana rikiɗa."

"Kura ta ƙauye ce, Issoufou. Wa zai sayi tikiti ya kalli kura? Kyarkeci ya yi boko."

"Ka taɓa riƙe kyamara kuwa?" in ji Dokta Shakir.

"Dokta, ni nake gyara na'urar da ke ganin haƙarƙarin mutum ta cikin riga. Kyamara me take gani? Rigar kawai. Su kansu Turawan ba wani abu suke amfani da shi ba. Bargo mai gashi, hayaƙi, da mutum ɗaya mai iya ihu."

Malam Umair, ɗalibin fiƙihu mai shirin kammala digirinsa na uku, ya yi gyaran murya ya fara bayanin cewa rikiɗar mutum zuwa dabba magana ce da ke buƙatar tafsili. Alhaji Dabo ya katse shi da miƙa masa kwanon miya, ya ce wa Bashari, "In ka gama ka kira mu mu gani."

A kunnen Bashari wannan alkawari ne.

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Mahbuba, ma'aikaciyar jinya, wadda ta dawo daga aiki ke nan tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi. Ta saurare shi har ƙarshe.

"Abban Ruqayyah, famfon banɗakin nan tun bara yake ɗiga."

"Wanda zai shiga silima ake wa maganar famfo?"

"To wa zai riƙe maka kyamarar?"

"Ke."

Ta dube shi, ta dubi ƙafarta, ta ce za ta riƙe. Ta ce abin da za a gani ba na jin labari ba ne.

Matsala ta farko ta 'yan wasa ce. Kowa yana son fitowa, ba wanda ke son a kashe shi. Dokta Shakir ya ce likitan da aka gani kwance cikin jini wa zai ƙara buɗe masa baki. Issoufou ya ce mahaifiyarsa a Maraɗi tana da hawan jini, in ta ga gawarsa a waya ba za ta tsaya jin bayani ba. Malam Umair ya ce shi bai ga dalilin da zai sa mutum ya riƙa gwada mutuwa tun ba ta zo ba.

Sai Bashari ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ya sami Dokta Shakir a ɗakin aikinsa, ya rufe ƙofa, ya sassauta murya. "Dokta, kai ne kyarkecin. Fim ɗin naka ne. Amma kada kowa ya ji, asirin ke nan."

Dokta ya dubi madubi ya shafa gemu. "Haƙoran ni zan haɗa abina."

Ya sami Issoufou a Aziziya tsakanin kwandunan tumatir. "Kai ne kyarkecin. Wa ke da ƙirjinka? Amma ka riƙe bakinka."

Issoufou ya yi wani kuka na gwaji har wani direban Bahindiye ya saki akwatin kokwamba.

Malam Umair ya fi wuya. Sai da aka sha shayi kofi bayan kofi kafin ya yarda shi ma ya zama kyarkecin a asirce, bisa sharaɗin kyarkecin zai tuba a ƙarshe, ya yi wa jama'a nasiha a kan cin naman mutane, na zahiri da na gulma.

Bashari ya fito yana murmushi. A ransa ya riga ya gama tsara komai: kyarkecin gaskiya shi ne da kansa. Mai binciken da kowa ya amince da shi, shi ne dodon. Su ukun kuwa zai sanar da su an canza labari in lokaci ya yi. Sai dai kullum in ya ɗauki waya zai kira, sai ya ga ai gobe ma rana ce.

Tsohon gidan daji ya zama wata istiraha a bayan Dir'iyya, irin gidajen shaƙatawar nan da ake haya, mai fili da ciyawa da ɗan kududdufin wanka. Mai ita wani tsohon Balarabe ne, Abu Mish'al, wanda ya ce yamma da dare duk na masu biki ne, sai dai rana. Bashari ya ce mafi mushkila, wato ba matsala, ai Turawa ma da rana suke ɗaukar dare. Ya liƙe tagogin falo da baƙaƙen ledojin shara. Ya ɗaure wayar Mahbuba a jikin wani tsohon ƙarfen rataye ruwan asibiti. Ya ce a kashe na'urar sanyaya ɗaki domin ƙararta tana shiga murya.

Tunda ba mai mutuwa, Issoufou ya kawo buhun albasa, aka sa masa jallabiya da hula, aka zuba masa tumatirin gwangwani a ƙirji. Sunansa a fim Lod Hamilton.

Saura hazo. Bashari ya fito da kasko uku da wata kwalba daga jaka. Mahbuba ta leƙo daga bayan waya.

"Wannan ba turaren wutana ba ne? Wanda Hajiya ta aiko min daga Maiduguri?"

"Za a rubuta sunanki a ƙarshen fim."

"Za a rubuta."

Ya juye rabin kwalbar a kan garwashi. Cikin ɗan lokaci falon ya cika da hazo mai ƙamshin amarya. Baƙi uku suna zaune da kwat da laƙataye, kowa riƙe da kofin shayi, zufa tana bin wuyansu. Bashari ya shigo da rigar ruwa da lema, da lofe a baki wanda ba taba a ciki, ya durƙusa gaban buhun albasa.

"Wannan ba aikin mutum ba ne," in ji shi da muryar da ya ajiye don wannan rana. "Ku dubi wuyansa."

"Ba shi da wuya," in ji Issoufou, yana tari.

"Yanke, a tsayar da ɗauka. Issoufou, ba a rubuta maka magana a nan ba."

"To ai ba shi da shi."

Aka sake. Wannan karon Malam Umair ya yi atishawa ya ce alhamdulillahi, sauran suka amsa masa, shi ma ya mayar musu. Aka sake. Motar kankare ta wuce ta bayan katanga tana ƙaho. Aka sake. Zafi ya ɓanɓare ledar taga, ranar Riyad ta faɗo tsakiyar daren Ingila. Kafin la'asar ƙudaje sun gano Lod Hamilton, Dokta Shakir kuma ya fita waje ya kwanta a kan ciyawa yana numfashi da baki.

Wani abu kuma ya riƙa damun Bashari: ba wanda ke nuna tsoro. Duk lokacin da ya ce "ɗayanku ne," sai Dokta ya yi wani murmushi ya lashi haƙori, Issoufou ya kumbura ƙirji yana gurnani ƙasa-ƙasa, Malam Umair ya sunkuyar da kai kamar mai nadamar zunubi.

Mahbuba ta lura. A mota ta ce, "Abban Ruqayyah, me ka gaya wa mutanen nan?"

"Dabarar darakta ce. Ba za ki gane ba."

"Ina fata su za su gane."

Haka aka yi ta fama duk ranar hutu, har aka zo fitowa ta ƙarshe. Nan Bashari ya tuna maganar Alhaji Dabo. Maimakon ya gama ya kira, sai ya ga ya fi armashi a zo a ga yadda ake yi. Ya gayyaci ƙungiya gaba ɗaya. Ranar Asabar da hantsi motoci suka cika ƙofar istiraha. Maza suka zauna a kan darduma ta gefen kududdufi, mata ta ɗaya gefen da kulolin waina da zoɓo. Tunda ba mai yarda ya sake shiga falon nan, a fili za a yi, Bashari ya ce daga baya zai mayar da shi dare a kwamfuta.

Ya miƙa wa Alhaji Dabo wata doguwar sanda da aka ɗaura wa farantin silba a kai.

"Alhaji, kai ne babba, kai za ka ɗaga wata."

"Wannan ne watan?"

"In an haska za ka sha mamaki."

Ya juya ga 'yan wasansa. "Zan yi jawabi. Da Alhaji ya ɗaga wata, kowa ya ruga ɗakinsa. Sauran ku bar min."

Su ukun suka gyaɗa kai, kowanne yana ƙifta masa ido a ɓoye.

Mahbuba ta danna waya. Bashari ya buɗe lema a ƙarƙashin rana, ya yi taku biyu gaba, biyu baya.

"Jama'ar wannan gida, na bi sawu, na shinshina, na auna. Wanda ya kashe Lod Hamilton yana tare da mu. Yana shan shayi da mu. Kuma yanzun nan zai bayyana, domin ga wata ya cika."

Alhaji Dabo ya ɗaga faranti. Daga cikin maza wani ya ce, "Alhaji ya ga wata, gobe a tashi da azumi." Dariya ta ɗan tashi. 'Yan wasa suka ruga ɗakuna. Bashari ya jefar da lema ya zaga bayan gida, inda ya ɓoye kayansa kusa da garken tumakin Abu Mish'al.

Kayan nasa farwa ce, irin alkyabbar sanyin nan ta Larabawa mai gashin tunkiya a ciki, ya juya ta gashin ya koma waje. Fuskar kuwa da kwali da zaren mofa ya haɗa ta. Igiyarta ta tsinke yana cikin ɗaurawa, sai ya lakato gam mai ƙarfi ya shafa a gefe ya manna ta a fuskarsa. Ramukan idon suka zauna a goshi. Bai ga komai ba sai yatsun ƙafarsa.

A fili kuwa, ƙofar ɗaki na farko ta buɗe. Dokta Shakir ya fito da safar hannu mai farata da wasu haƙora farare dogaye, aikin gwani, ya ɗaga hannu sama. Mata suka ɗan ja baya. Kafin ya yi kuka ƙofa ta biyu ta buɗe, Issoufou ya faɗo da buzun akuya a baya da gawayi a fuska, ya saki wani kuka da ya tayar da tattabarun unguwa. Ya juya ya ga Dokta. Suka tsaya suna kallon juna.

Ƙofa ta uku ta buɗe a hankali. Malam Umair ya fito da bargo ruwan toka da kunnuwan kwali, yana riƙe da carbi, ya fara, "Ya ku jama'a, haƙiƙa na zalunci kaina," sai ya ɗaga ido ya ga kyarketai biyu a gabansa.

"Dokta, me kake yi da haƙora?" in ji Issoufou.

Dokta ya yi magana, ba wanda ya ji. Ya cire haƙoran ya maimaita. "Ni ne kyarkecin."

"Kai a wa? Har kasuwa ya biyo ni."

"Ni har ofis, ya rufe ƙofa."

"Ni kuwa," in ji Malam Umair, "na bar karatu na yi kwanaki ina rubuta tuba."

Alhaji Dabo, wanda hannunsa ya fara sagewa, ya ce, "To wa ya kashe albasar? In sauke watan?"

"Kada ka sauke, Alhaji," in ji Mahbuba ba tare da ta ɗauke ido daga waya ba. "Akwai saura."

Akwai saura kuwa. A bayan gida Bashari yana laluben hanya da rarrafe, domin ya ƙudura zai shigo da ƙafa huɗu kamar yadda ya gani a Ingila. Hannunsa ya taɓa wani ƙarfe, ya ɗauka ƙofar fili ce, ya zare sakata. Ƙofar garke ce. A ciki akwai wani rago ɗan Najdu, baƙi mai farin kai, dogo kamar ɗan maraƙi, wanda ya daɗe shi kaɗai ke da iko da tumakin gidan. Ya ɗaga kai ya ga wani baƙon rago mai gashi ya shigo masa gida da rarrafe yana gurnani. Ya ja da baya don ya sami fili.

Jama'a sun ji ƙarar kafin su ga komai. Wani tim, sannan wata murya da ba ta yi kama da ta kyarkeci ba ta kira sunan Mahbuba. Sai ga kyarkeci na huɗu ya zagayo da ƙafa biyu, hannu a baya, yana gudu kai a sama domin ya hango hanya ta ƙasan kwali. Rago yana biye.

Ya bi ta kan dardumar maza. Ya yi ƙwallo da butar shayi. Ya karkata wajen mata, wata Hajiya ta tare shi da murfin kula, ya juyo, rago ya same shi a karo na biyu daidai inda ya same shi a na farko. Ya rungumi Lod Hamilton, buhu ya fashe, albasa ta watsu a fili. Ya taka ɗaya, ta mirgina da shi, ya tafi da baya yana kaɗa hannu har cikin kududdufi.

Farwa ta sha ruwa ta yi nauyi. Ruwan iya ƙirji ne, amma Bashari bai sani ba tunda ba ya gani.

"Ku cece ni, ina nitsewa!"

Kyarketai uku suka zo bakin kududdufi suka tsaya a jere.

"Wannan muryar darakta ce," in ji Dokta Shakir.

"Shi ma kyarkeci ne ashe," in ji Issoufou. "To mu me muke?"

"Ceton rai wajibi ne," in ji Malam Umair. "Amma ban ga alamar gaggawa ba. Miƙe tsaye, Malam Bashari."

Ya miƙe. Ruwa yana zuba daga gashin farwa, kwalin ya jiƙe ya zube, sai gefen da gam ya kama ya rage manne da gemu da gira ɗaya. Ya dubi maza, ya dubi mata, ya dubi rago da ke tsaye a bakin ruwa yana jiran ya fito.

"Yanke," in ji shi a hankali.

"Ban ji ba," in ji Mahbuba. Wayar tana kansa.

Abu Mish'al ya iso da sanda yana tambayar wa ya buɗe masa garke. Alhaji Dabo ya nuna kududdufi da watan da ke hannunsa. Tsohon ya daɗe yana kallon abin da ke cikin ruwan, sannan ya tambaya da Larabci ko wannan wata al'ada ce ta ƙasarsu. Alhaji ya ce a'a, ta Ingila ce.

A asibitin da yake aiki aka cire masa kwalin, gaban abokan aikinsa, tare da rabin gemu da girar hagu. Kafin ya dawo gida hoton ya zaga wayoyin Hausawan Riyad, ya wuce Jidda, ya kai Maraɗi. Mahaifiyar Issoufou ta aiko a gaya wa ɗanta ya yi ƙoƙari, amma ragon ya fi kowa iyawa. Malam Umair ya karanta tubarsa a wani zaman ƙungiya don kada ta tafi a banza, kuma duk inda ya ambaci mai yaudarar 'yan'uwansa sai jama'a su waiwaya. Dokta Shakir ya daina amsa sallamar Bashari sai da hannu.

Da babbar salla ta matso, Alhaji Dabo ya sayi ragon don layyar ƙungiya. Mata suka ce ba a isa ba, ba a yanka jarumi. Aka sayi wani, shi kuma aka bar shi a garken Abu Mish'al, aka raɗa masa suna Darakta. Ya zama duk baƙon da ya zo daga gida sai an kai shi ya gan shi.

Ranar yawon salla aka koma istirahar da wasu sababbin injiniyoyi biyu da suka zo daga Kaduna. Suna tsaye suna ɗaukar hoton ragon sai ga Bashari, gemu ya fara tohowa, ya tsaya can nesa da garke, hannu a aljihu.

"Kun gan shi nan," in ji shi. "Ni na gano shi. Da na zo ba wanda ya san yana da baiwa. Duk abin da kuka gani a hoton nan tsarawa aka yi, ni na koya masa inda zai tsaya da inda zai buga."

Ɗaya daga cikin injiniyoyin ya ce, "Ikon Allah. To matso mana mu ɗauke ku tare."

Rago ya ɗaga farin kansa daga cikin harawa, ya dubi Bashari, ya fara ja da baya a hankali.

"Ba ya son a dame shi in yana cin abinci," in ji Bashari, ya juya ya nufi mota da ɗan sauri.